Gumbar Malam a Birnin Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar tabarmar ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Mai zuwa barka da sauka sai ta zauna, sai tambaya: kin ga Fir'auna, kin sha ruwan Nilu, da gaske ne gidajensu sun kai gajimare? Na faɗa har bakina ya bushe. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, shi ya sa na zaunar da Binta da biro na ce ta rubuta sau ɗaya, mai so a karanta masa. Binta tana cikin waɗanda muka yi tafiyar tare, kuma na gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, har wuraren da ba za su yi mata daɗi ba.

Sai an fara sanin abin da ya kai tsohuwa irina ƙasar Larabawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai kula da filin wasa na jami'ar garinmu. Ba na kama sunansa, Malam nake ce masa. Yara kuwa Baba Mai Layi suke kiransa, don shi ke zana farin layi a fili. Da aka ce 'yan mata za su fara ƙwallon gora, wasan nan da ake kora 'yar ƙwallo mai tauri da sanda mai lanƙwasa, ba a ba su wuri ba sai wani fegi mai ƙaya a bayan ɗakunan kwana. Malam ne ya nome shi, ya tsince duwatsu, ya daɓe. Gorar da ta tsage shi ke ɗaure ta da zare da danƙo. Ni kuma ina gefe, ƙarƙashin darbejiya, da kaskon ƙosaina. Haka muka tsufa, shi da igiyar layinsa, ni da matsamina.

Wani Balarabe, Dakta Magdi, wanda ya taɓa koyarwa a jami'ar, shi ya gayyaci yaran su zo Alƙahira lokacin hutu a horar da su. Aka sa sunan Malam cikin masu tafiya, don shi zai kula da kayan wasa. Aka yi masa fasfo. Mutumin da bai taɓa wuce Zariya ba. Da yamma yakan ciro fasfon ya dubi hotonsa ya ce, "Kin ga wannan dattijon? Zai je ya ga yadda Larabawa ke zana nasu layin." Sai ƙasar Masar ta shiga hatsaniya, aka yi ta ɗaga tafiya, a sa rana a ɗaga. Ana cikin jira ciwo ya kama shi, bai daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abinsa. Ki dakata, Binta, bari in share ido.

Na yi takaba na gama, amma ban koma bakin fili ba. Kaskon na kife shi a bayan ɗaki.

Wata rana sai ga Malama Talatu, mai horar da yaran. Ta gaishe ni ta ce, "Iya, tafiya ta tabbata, amma iyaye sun ce ba za su saki 'ya'yansu ba sai da babbar mace. Kowa ya san ki."

Na ce, "Talatu, ni da ko kasuwa ba na zuwa?"

Sai ta faɗa mini gaskiyar magana. Tun rasuwar Malam ƙungiyar ta rabu biyu, ba wasa sai faɗa. Shugaban wasanni na jami'a ya ce wannan tafiya ita ce dama ta ƙarshe. In sun dawo yadda suka tafi zai rushe ƙungiyar, filin kuma a mai da shi wurin ajiye motoci. Filin da Malam ya tsince duwatsunsa da hannu. Na ce ta sa sunana. Amma na gindaya sharaɗi: cikar shekarar Malam za ta same mu a can, kuma ba zan bar ranar ta wuce ban daka masa gumbar sadaka ba. Ta ce in ɗauko gerona.

Abin da ya raba yaran kuwa gora ce guda. Binta, wannan da ke rubutu, ita ce shugabar 'yan wasa, 'yar birni, mai baki. Gorarta ta tsage ta kawo wa Malam gyara. Ya ɗaure ta, ita ce ta ƙarshe da ya ɗaure a duniya. A kwanakin ne wata sabuwar ɗaliba, Rifkatu, 'yar ƙauye daga kudancin Kaduna, ta shigo ƙungiyar ba ta da gora, ga ta da gudu kamar barewa. Malam ya miƙa mata wannan ya ce ta riƙa yi da ita. Ko ya manta mai ita ne, ko ya yi nufin ya roƙi Binta daga baya, Allah ne ya sani, bai samu faɗa ba. Binta ta ce gorarta ce. Rifkatu ta ce kyautar mamaci ce, ba ta mayarwa. Sauran kowa ta zaɓi ɓangare.

A filin jirgi na Kano aka ɗora kayana a sikeli suka yi nauyi. Gero ne, da kuka, da daddawa, da kanwa, da yaji. Malama Talatu ta ce a rarraba geron cikin jakunkunan yara. Nan ma na ga abin da idona: sai da aka ƙulla kashi biyu, don 'yan ɓangaren Binta ba za su karɓa daga hannun 'yan ɓangaren Rifkatu ba. Na ce a raina, aiki ja.

Jirgi kuwa ban ji tsoron da ake faɗa ba. Wanda ya ga an fita da mijinsa a makara, ƙugin inji ba ya razana shi. Kunnuwana dai suka toshe. Rifkatu ce kusa da ni, ita ta ɗaura mini ɗamarar kujera. Da muka lula sama na tuna kujerar nan ta Malam ce, ni aro na yi, sai kuka ya ƙwace mini. Yarinyar ta riƙe hannuna har aka kawo abinci a wani ɗan akwati, kowane abu lomarsa ɗaya.

A bakin shiga Masar aka buɗe jakata. Jami'in ya kwance daddawa, ya ja da baya ya toshe hanci. Da ya kai ga kanwa sai fuskarsa ta canja, ya kira wani, wanin ya kira wani. Suka yi ta juya farin dunƙulen suna kallona. Binta ta raɗa mini, "Iya, sun zaci ƙwaya ce." Na ce, ƙwaya a hannuna? Na karɓa na gutsura na tauna a gabansu, na kwaikwayi kaɗa miya da hannu. Babbansu ya lasa, ya yamutsa fuska, ya fashe da dariya ya ce, "Ma'alish, ya Hajja." Wato in yi haƙuri. Na ce a gaya masa ban je Makka ba tukuna. Ashe a can kowace tsohuwa Hajja ce. Har na baro ƙasar ina gyara musu, ba wanda ya gyaru.

Wanda ya tarye mu Malam Sani ne, ɗan Katsina mai karatun addini a can, shi ne tafintanmu. Hausarsa ta cakuɗe, ba ya jimla biyu bai ce yalla, wato mu je, ko halas, wato shi ke nan ba. Ya kai mu wata unguwa, Ainu Shams, inda haya ke da sauƙi. Gidan mai hawa da yawa ne, mu muna can ƙoli, ga matakala kamar ta hawan dutsen Dala. Babu zaure, babu tsakar gida, mutane a kan mutane kamar kwanukan jere. In mace tana son burodi ba ta sauka, kwando take zurowa da igiya ta taga, mai kanti ya saka mata ta ja. Wannan dabara ta burge ni. Mai gidan wata mace ce mai jiki, Ummu Ashraf, kullum cikin baƙaƙen kaya. Ɗakinta yana daidai ƙarƙashin namu.

Abincinsu na safe wake ne da aka dafa ya yi lugub, da wani faffaɗan burodi. Akwai kuma wani da suke kira kushari: shinkafa da taliya da wake a kwano ɗaya, kamar mai girkin ta rasa wanda za ta zaɓa. Ba laifi, amma babu yaji, babu miyar da za ta riƙe ciki. Na kama tukunya na riƙa yi wa yara tuwon shinkafa da miyar kuka. In na sauke, faranti biyu ake kawo mini. Waɗannan su ci a falo, waɗancan a ɗaki.

Wurin horo yana Giza, can ƙetaren kogi. Jirgin ƙasa ake shiga, wani wuri a sarari, wani wuri ta ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya. Akwai taragon mata zalla, abin da na so ƙwarai. Ranar farko Malam Sani ya biyo mu ciki yana ƙirga kawuna, matan suka taso masa da hayaniya, ya fita da gudu har takalminsa ɗaya ya so ya zauna tare da mu. Tsallaka titi kuwa, a can mota ba ta tsayawa. Na koyi in laɓe a gefen wata Balarabiya, in ta taka in taka.

Da na ga filinsu na tsaya. Kore shar, ba ciyawa ba ce, wata irin darduma ce ta roba, kuma kafin wasa sai an yi mata ban ruwa kamar lambu. Layin fari tas, ba ya gogewa. Na durƙusa na shafa shi. Dakta Magdi ya zo, tsoho mai furfura, ya gaishe ni da 'yar Hausar da ya rage da ita. Ya ce, "Sannu, Iya. Allah ya jiƙan Baba. Layin Baba miƙaƙƙe ne." Mayafina na ja na rufe fuska.

Wasan farko da 'yan matan Larabawa abin kunya ne. Yaranmu sun saba da jar ƙasa mai tsakuwa, a nan kuwa ƙwallo sulɓi take kamar an shafa mata mai. Wannan uzuri ne. Abin da ba uzuri ba, sau nawa na ga Rifkatu ita kaɗai a gaban raga tana ɗaga hannu, Binta ta gan ta sarai ta kau da kai, ta kutsa cikin mutum uku aka ƙwace. Rifkatu ma in ta samu haka take yi. Suka yi ta zura mana har na daina ƙirgawa. Da aka tashi Dakta ya ce wa Malama Talatu, ƙafa akwai, ƙarfi akwai, amma kowace ita kaɗai take a fili. A hanyar komawa Malama ta ce musu, "Ku ji da kyau. In mun koma aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba." 

Ranar Malam ta matso, ga gero, babu turmi. Na tambayi Malam Sani. Ya shafa gemu ya ce, "Iya, ai sadaka kullum ana yin ta, ba sai an ware ranar shekara ba. Malamai sun yi magana a kan haka."

Na ce, "Ɗana, na ji. Kullum ina yi masa. Amma haka uwata ta yi wa ubana, haka zan yi. Kai dai ka san mai turmi ko ba ka sani ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Halas, Iya. Yalla."

Ya kai ni wata unguwa a bakin gari, Arba wa Nus, inda mutanen Sudan suka yi yawa. Can na haɗu da Hajja Sa'adiyya. Kakanninta Hausawa ne da suka tashi a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma da ta buɗe baki sai na ji kamar kakata ce ta dawo. Ta tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwar Kurmi. Da ta ji abin da ya kawo ni ta ce, "Turmi ba a hana mai sadaka." Ta ba ni da taɓare uku. Malam Sani, mai cewa malamai sun yi magana, shi ya saɓa turmin a kafaɗa ya hau da shi matakalar nan yana haki.

To, ga kuskurena. Ni duk rayuwata turmi a ƙasa yake zama, ƙasa kuwa ba ta ƙara. Ban kawo a raina cewa daɓen ɗakinmu shi ne rufin wata ba. Da safe, ranar hutun horo, na yayyafa wa gero ruwa na fara surfe a tsakiyar falo. Ban yi nisa ba muka ji ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ummu Ashraf ce, kanta duk farin garin siminti, tana riƙe da kofin shayi da ɓaraguzai a ciki. Faɗa take, hannu na tashi sama, tana nuna mana matakala. Malam Sani ba ya nan. Binta ta gwada Larabcin Islamiyya, matar ta dube ta kamar ta ji karatun huɗuba.

Na ga dai za a kore mu saboda ni. Na shiga ɗaki na ɗauko fasfon Malam, don da shi na tafi. Na buɗe mata hoton, na nuna ƙirjina, na nuna sama, na nuna geron. Ban yi niyyar kuka ba, shi ya zo da kansa. Matar ta karɓi fasfon. Ta dubi hoton, ta kama baƙar rigarta ta girgiza, ta nuna nata ƙirjin. Ashe baƙin nan na mijinta ne. Mu fari ko shuɗi muke sawa mu cire bayan takaba, su kuwa wata har ta mutu ba ta cire baƙi. Muka zauna a kan matakala, ni da ita, kowa na kuka da harshenta. Da muka gama ta share fuska, ta daka wa yara tsawa, ta nuna turmi ta nuna ƙasa. Aka sauko da shi lungun ƙofar gida.

A lungun na ci gaba, amma hannu ya tsufa, ga shekara guda ban riƙe taɓarya ba. Numfashina ya ɗauke. Rifkatu ta karɓa ta ce, "Kawo, Iya, wannan aikinmu ne a gida." Ta ɗaura zani ta fara, turmi ya amsa. Mutane suka fara leƙowa ta tagogi, sama da ƙasa.

Geron da yawa, na ce wata ta kama mata su yi lugude. 'Yan matan suka tsaya kallon juna, yawancinsu inji suka sani. Sai Binta ta fito ta ce, "Ni ma shekara uku Baba yana ɗaure mini gora. Ba ke kaɗai za ki yi masa ba." Ta fizgi taɓarya.

Lugude kuwa ba ƙarfi ba ne. Baki ɗaya turmi ke da shi, in ɗaya ta sauka dole ɗaya ta tashi. Binta ta kawo tata daidai lokacin da Rifkatu ta kawo, taɓare suka gwabza, tata ta yi tsalle ta same ta a goshi. Dariya ta ɓarke daga tagogi. Ta sake, suka sake karo, gero ya watse a ƙasa. Na ce, "Kai, geron Malam!"

Rifkatu ta tsaya ta ce, "Ke Binta, turmi kike kallo. Turmi ba ya zuwa ko'ina. Ni za ki kalla. In kin ga kafaɗata ta tashi, ki sauke."

Binta ta ce, "Wa ya naɗa ki malamata?"

"Ƙulun goshinki."

Yaranmu suka tuntsire, na wannan ɓangare da na wancan. Binta ta shafa goshi, ta so ta yi fushi, dariyar ta ci ƙarfinta. Ga Larabawa na kallo, ba ta son a ce 'yar Hausa ta kasa daka. Ta ɗaga ido ta kafa wa Rifkatu. Sannu a hankali abin ya fara zama, wannan ta sauka, waccan ta tashi. Can sai sautin ya haɗu, irin wanda in ka ji daga nesa ka san gidan lafiya. Rifkatu ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe. Ta uku ta shigo. In wata ta gaji ta miƙa wa ta kusa da ita, ba wadda ta tsaya duba ɓangare. Ummu Ashraf ta rangaɗa guɗa daga tagarta, irin tasu mai kaɗa harshe, maƙwabta suka amsa. Malama Talatu tana jingine da bango, hannu a harɗe, tana kallo.

Muka bakace, muka wanke, da ya tsane aka kirɓa da citta da kanumfari da sukari, na cura gumba. Malam Sani ya iso ya yi addu'a mai tsawo. Rifkatu ta sunkuyar da kai ta yi irin tata. Aka bi lungu ana rabawa. Larabawa suka gutsura, wasu suka haɗiye don kara, wani tsoho kuwa ya dawo neman ƙari. Ummu Ashraf ta sauko da tire cike da wani zagayayyen burodi mai ɗan zaƙi, Malam Sani ya ce shi suke rabawa don mamatansu, rahama suke kiransa. Ta haɗa da gumbata aka raba tare, mijinta da nawa. Da yamma da na sauke tuwo, babban tiren nan nata aka kawo mini, shi kaɗai.

Ba zan ce turmi ne ya yi komai ba. Dakta Magdi ya gasa su a filin nan, safe da yamma, har wasu na kuka da cinyoyi. Malama Talatu kuma ta riƙa haɗa Binta da Rifkatu su biyu, ƙwallo ɗaya, su yi ta kai da komo. In ɗaya ta sunkuyar da kai sai ka ji sauran sun yi ihu, "Goshi!" Ita ke nan kalmar ta zauna musu.

Cikin kwanakin aka yi wani bikinsu na shigowar bazara, kowa ya fita lambu da iyalinsa. Ummu Ashraf ta aiko mana da abincin ranar, wani kifi da aka jiƙa a gishiri ya kwana biyu har ya yi abin da ya yi. Da aka buɗe yara suka watse. Na ce mai daddawa a jaka ba ta da bakin yi wa wani dariya, na ci da albasa yadda suke ci. Cikina bai gode mini ba, amma na fita kunyar maƙwabciya.

Wasan ƙarshe da ƙungiyar nan ta farko aka sake yi. Ina zaune a benci da carbina. Larabawa suka fara ci, amma sai da suka yi gumi. Bayan hutun rabi Binta ta ƙwaci ƙwallo ta wuce biyu, ta kai inda a da za ta buga da kanta. Na ga ta ɗaga kai. Rifkatu na tahowa ta hagu kamar iska, ta tura mata, yarinyar ta ɗauke ta da gorar Malam, sai ƙarar katakon raga muka ji. Ban san lokacin da na miƙe ba. Guɗa na yi, ni da na ɗauka na gama guɗa a duniya. A ƙarshe su suka yi nasara da ƙwallo ɗaya tak a kanmu, amma Dakta ya bi yaranmu ɗaya bayan ɗaya yana jinjina musu. A bugun nan na Rifkatu ne gorar ta sake tsagewa, daidai ƙasan ɗaurin.

Ranar tahowa Malam Sani ya mayar wa Hajja Sa'adiyya turminta, na haɗa mata da sauran kuka da daddawa. Ummu Ashraf ta sumbace ni a kumatu biyu yadda suke yi, ta ce, "Ma'assalama, ya Hajja." Wannan karon ban gyara mata ba. Fir'auna kuwa, masu tambaya, ban gan shi ba. Dalar duwatsunsu na hango ta tagar mota, manya ne, shi ke nan.

Da aka koma karatu shugaban wasanni ya ce ba zai yanke hukunci da jin labari ba, zai zo ya gani da idonsa. Da safen ranar sai ga Binta da Rifkatu a ƙofata, suna riƙe da gorar. Sun ɗaure ta da kansu, ɗauri mai kauri kamar kan jinjiri, danƙo duk ya ɓata.

Binta ta ce, "Iya, ba za ta ƙara wasa ba. Mun yi shawara, ba tawa ba ce, ba tata ba ce."

Rifkatu ta juya ta, lanƙwasar ta koma sama, ta sa mini a hannu ta ce, "Gwada, Iya. Hanyar fili da nisa."

Na dogara. Tsawonta daidai ni, kuma tafina ya sauka a inda nasa ya sha sauka. Na ce ɗaya ta zagaya bayan ɗaki ta ɗauko mini kasko.

Shugaban ya zo ya tsaya a ƙarƙashin darbejiyata, ya kalli wasan har aka tashi. Bai yi dogon jawabi ba. Ƙosai ya saya, ya ce wa Malama Talatu ta turo masa adadin gorunan da suke bukata kafin gasar jami'o'i. Motoci suna nan inda suke a da.

Kafin a fara wasan ranar, yaran nan biyu ne suka zana layi. Binta ta riƙe igiyar Malam a wannan baki, Rifkatu a wancan, wata na bi da farar ƙasa. Ina zaune ina kallo, hawaye na zuba a kan zanina, ban hana shi ba. Layin ya karkace wajen kusurwar gabas, wanda Malam da ya gani sai ya sa an goge. Binta ta taho tana haki ta ce, "Iya, ya miƙe?"

Na ce mata ya miƙe. Yanzu da kike rubutawa kin ji gaskiya, gobe sai ku je ku gyara.